Ɗakin da Ba a Kwana Cikinsa Ba

A wata majami'a da ke Gusau akwai dattawa huɗu da suka ajiye aiki kusan lokaci guda, kuma zaman gida bai karɓi ko ɗayansu ba. Akwai tsohon hedimasta da ya shekara talatin da biyar riƙe da alli da rajista. Akwai Baba Birkila, wanda ya fara aiki a ma'aikatar ayyuka tun Zamfara na cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996. Akwai Mama Nas, da ta karɓi haihuwar rabin matasan ikilisiyar. Na huɗunsu direba ne, mai wata tsohuwar fijo da ba ta taɓa barinsa a hanya ba.

Bayan Kirsimetin 2009 aka karanta wata wasiƙa a taron dattawa. Wani matashin mai bishara ne ya aiko ta daga wani ƙauye da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, inda gidajen Kirista ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wasunsu Hausawa, wasunsu Dakarkari da noma ya kawo su daga wajen Zuru. Duk hutun Ista yara kan taru a filin majami'arsa daga tungaye, har daga ɓangaren Gummi, su yi mako guda ana koya musu karatu da waƙa da labaran Littafi Mai Tsarki. A ƙarƙashin rumfa suke kwana, bara kuwa guguwa ta kwashe ta. Abin da ya roƙa kaɗan ne: zana, da tabarmi, da wanda zai gyara bakin rijiya.

Hedimasta ya naɗe wasiƙar ya ce, "Zana? Yaran Allah su kwana a ƙarƙashin zana muna da rai? Ɗaki za mu gina musu."

Ba mugun nufi ya sa shi faɗin haka ba, kuma ya kamata a yi masa adalci tun daga nan. Mutum ne da ya saba a ga aikinsa. A makarantun da ya riƙe babu wadda ya bari ba tare da sabon aji ko katanga ba. Da ya dawo gida ya zauna, abin da ya fi damunsa shi ne gari ya waye ya faɗi ba abin da zai nuna ya ce wannan na yau ne. Saboda haka ya bi gida-gida, zumuntar mata suka ba da nasu, matasa suka ba da nasu, aka sayi kwano da katako da ƙusa. Har da ɗan allon ƙarfe ya sa aka rubuta, mai ɗauke da sunan ikilisiya da shekara, wanda za a kafa a jikin bango.

Cikin hunturu suka tashi. Suka bi ta Mayanci suka shiga Anka, suka ci gaba ta hanyar Ɗaki Takwas, daga nan suka saki kwalta suka kama burji. A lokacin dattijo na iya bin wannan hanya da yamma ba gabansa na faɗuwa; wanda ya san yadda yankin ya koma daga baya zai gane girman abin da aka rasa.

Abin da ya fara tarbarsu a ƙauyen ƙarar inji ce. Injinan da aka sani da niƙan dawa da gero duk sun koma niƙan dutse. Farashin zinare ya hau a kasuwar duniya, a 2010 ɗin ma ya haura dala 1,200 kowace oza, sai manoman da rani kan bar su hannu rabbana suka shiga daji suna haƙo duwatsu, suna kawo su gida a buhuna. Maza na fasawa da guduma a zaure, mata na dakawa a turmi a tsakar gida, da goyo a bayansu. A kai garin dutsen bakin kududdufi a wanke, a kama zinaren da zaiba. Sabbin babura sun cika gari, rufin kwano na walƙiya a inda da bunu ne. Ba wanda zai ga talaka ya samu wannan sauƙi ya ce masa ya bari, in ba shi da abin da zai nuna masa da ido.

Baba Birkila ya zaga neman ƙasar gini. Ta wajen rijiya yashi ya yi mata yawa. Ta bakin kududdufin yamma, inda masu wanki ke zubar da laka, ita ce ya damƙa a hannu ya murza ya yi murmushi. Laushinta ya kai, danƙonta ya kai, ga ruwa a kusa, kuma masu wankin sun ce a kwasa kyauta, rage musu tari ne. Aka sa jakuna suka yi ta jido ana jibgewa a filin majami'a. Aka kwaɓa da ciyawa, aka fara buga bulo.

Suna cikin haka wata tsohuwa ta tsaya a bakin darni. Maƙwabciyar majami'ar ce, Musulma, mai sayar da ƙuli-ƙuli, kowa Inna yake ce mata. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu sannu da aiki, sannan ta nuna tarin ƙasar da sandarta.

"Malam, wagga ƙasa daga kududdufin yamma kunka ɗebo ta?"

"Daga can ne, Inna."

"Ku maishe ta. Agwagina duka can suka wanka. Tun da anka fara wankin dutse sunka dinga mutuwa, yanzu ko ɗaya babu. Duba garin ga kaf, ka ga agwagwa?"

Hedimasta ya amsa mata da ladabi, irin ladabin da babba kan yi wa wanda ya riga ya yanke cewa bai san abin da yake faɗa ba. Ya ce cutar kaji ce, tana zuwa duk shekara da sanyi. Inna ta ce kajinta na nan lafiyarsu lau. Ya ce to Allah ya mayar mata da alheri. Ta ɗan tsaya tana kallonsa, ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo," ta juya ta tafi.

Da dare Mama Nas ta tayar da maganar. Ta ce ita ma ta lura babu agwagwa ko ɗaya a garin da ke da kududdufi biyu. Ta ce kuma tun zuwansu an yi jana'izar yara ƙanana fiye da yadda hankalinta zai ɗauka.

"Mama, mu gini ya kawo mu," in ji Hedimasta. "Ista 4 ga Afrilu ce. Mutane sun ba da kuɗinsu."

"Baba, taimako ya kawo mu. Ginin kai ka zo da shi."

Maganar ta yi masa zafi, bai tanka ba. Da safe aka ci gaba da aiki.

Daga ranar Mama Nas ta daina zuwa wajen gini. Ta ɗauki jakarta ta shiga gidaje, inda maza baƙi ba sa shiga, Inna na yi mata jagora. Abin da ta gani iri ɗaya ne daga gida zuwa gida: yaro ya fara amai, ya ƙi abinci, cikinsa na ciwo, ya yi laushi, sai jijjiga ta kama shi ya sandare. Manya na nan garau, yaran da ba su kai shekara biyar ba su ne ke faɗuwa. Ta zaci sanƙarau ne, don lokacinsa ne, amma wuyansu bai sanƙare yadda ta sani ba. Ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi komai ba. Wasu iyayen sun ce iskoki ne, suna ta turare da rubutu. Wasu sun yi shiru, don sun fara zargin dutsen, kuma suna tsoron in magana ta fita gwamnati ta hana su abin da suke ci da shi.

Jikan Inna, ɗan shekara biyu, a hannun Mama Nas ya cika, a cikin fijo, kafin su kai kwalta.

Gini kuwa ya kai linta. An ɗora kwano, an yi daɓe da ragowar lakar, ya yi sumul. Saura mako biyu yara su zo, Mama Nas ta tara su huɗun da mai bishara, ta ce ba za a kawo yaron kowa garin nan bana ba. Ba ta da sunan cutar, ba ta da takardar gwaji, amma ta ce in an kawo su ita za ta tsaya a bakin hanya ta mayar da su. Direba ya goyi bayanta. Baba Birkila ya sunkuyar da kai. Hedimasta ya juya wajen mai bishara yana jiran ya mara masa baya, sai saurayin ya ce a hankali, "Baba, ɗiyata ma tun shekaranjiya take amai."

Aka aika tungaye cewa an ɗage taro. Hedimasta ya kulle sabon ɗakin, ya zuba mabuɗin a aljihu, allon ƙarfen na nan a jakarsa bai kafa ba. Ya koma Gusau da fushi, yana cewa an kunyata shi a gaban waɗanda suka ba da baiko. Sauran ukun suka zauna.

Ba a daɗe ba gaskiya ta fito, kuma ba ƙauye ɗaya ta shafa ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka ɗebi jini aka kai gwaji ƙasar waje, sakamako ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. Niƙa shi a busasshe na tayar da ƙura, ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a cikin abinci. Babba na shaƙa ya jure na wani lokaci. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, jikinsa na tsotsar dalma fiye da na babba, kuma ƙwaƙwalwarsa take nufa. Masu binciken cututtuka na Amurka da suka zo a watan Mayu sun tarar cewa a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kimanin ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Na'urar gwajin jini da ake yawo da ita iyakarta 65, alhali daga 45 ake fara ba da magani, kuma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. A wasu gidaje kashi goma cikin ɗari na ƙasar tsakar gida dalma ce. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu. Daga cikin alamun farko da mutanen yankin suka ba masu bincike labari har da ɓacewar agwagi.

A rediyo Hedimasta ya ji. Washegari ya shiga motar haya.

Ya tarar an kwantar da ɗiyar mai bishara a Anka, inda aka buɗe sashen kula da yaran, kamar yadda aka buɗe wani a Bukkuyum. Ta rame, idanunta a buɗe amma ba ta bin kowa da kallo. Ya ja Mama Nas gefe ya ce, "Ai gidansu ba a niƙa dutse. Ina ta same shi?"

Mama Nas ba ta so ta faɗa ba, amma ba mai ɓoye gaskiya ba ce. "Ina take wasa kullum, Baba? Wa ke ba ta ɗan bulo ta yi ɗakin 'yar tsana?"

Shi ne. Da hannunsa yake gutsura mata laka daga tarin da ke filin majami'a, yana jin daɗin yadda take kwaikwayon Baba Birkila. Ya nemi benci ya zauna. An daɗe kafin ya iya miƙewa.

Da ma'aikatan muhalli suka iso ƙauyen da ƙaramar na'urarsu ta hannu, wadda ake dannawa a jikin ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki, shi ya buɗe musu sabon ɗakin. Suka danna a daɓe, suka danna a bango, suka dubi juna. Babbansu ya fara neman kalmomin da zai lallashe shi da su, Hedimasta ya ce ba sai ya wahala ba. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya karɓi diga. Baba Birkila ya hau ya kwance kwano da katako a tsanake don kada su lalace, suka yayyafa wa bangon ruwa saboda ƙura, sannan suka rushe abin da suka yi wata biyu suna ginawa.

Inna na tsaye a bakin darni. Ya ajiye digar ya je ya durƙusa a gabanta, dattijo mai furfura, a gaban mutane.

"Inna, kin faɗa mini ban ji ba. Ki yafe mini."

"Tashi, Malam. Ni ma ban san sunan abin ba, agwagi kawai na sani. Kuma turmin da jikana ya kwashi ciwon a gindinsa, ni ad da shi. Wa za ya ga laihin wani? Tashi, aiki na nan."

Aikin da ke nan ba irin wanda ake kafa wa allo ba ne. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar, don haka sai an share gida kafin magani ya yi tasiri. Sharewar kuwa ita ce a fitar da kaya, a kankare saman ƙasar tsakar gida kimanin santimita biyar, a zuba a buhuna, a kai rami a bayan gari a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma kafin damina ta tsayar da aiki, aka dawo bayan ruwa ya ɗauke aka yi a Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 ta samu, bayan dogon jira da kiraye-kiraye.

Samarin gari ne ke da ƙarfin shebur da baro. Dattawan huɗu kowa ya nemi gurbin da ya dace da shi. Baba Birkila ya gano wurin da za a ɗebo ƙasa mai kyau, nesa da duk inda aka taɓa wanke dutse, ya kai aka gwada kafin a taɓa. Ya gyara bakin rijiyar majami'a ya yi mata murfi, ya wuce ya yi wa ta masallaci. Direba ya zama ɗan jigila tsakanin ƙauye da Anka, mata da goyo cike da fijo. Mama Nas da Inna suka ci gaba da bin gidaje suna cewa a fitar da niƙan dutse bayan gari, mai aikin dutse ya canja tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa, a wanke wa yara hannu kafin su ci abinci. Ba su ce wa kowa ya bar haƙa ba, don sun san ba za a bari ba, kuma wanda aka ce wa ya zaɓa tsakanin abincin yau da cutar da ba ya gani, an san abin da zai zaɓa.

Hedimasta ne ya rasa abin yi. Bayansa ba ya ɗaukar buhu, gidajen mata ba ya shiga. Kwana biyu yana zaune a ƙarƙashin darbejiya. Sai ya lura iyaye na rikicewa: wannan ta manta ranar komawa gwajin jini, waccan ta haɗa maganin yaranta biyu, wata ta tafi biki ta tsallake kwanaki. A wannan karon bai yanke komai shi kaɗai ba. Ya je wajen mai unguwa ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni rajista na iya. In tana da amfani a nan, ga ni. In babu, ku faɗa mini abin da kuke so." Mai unguwa ya kira liman da mai bishara, suka ce tana da amfani ƙwarai.

Ya sayi babban littafi ya ja layi. Sunan yaro, sunan mahaifi, unguwa, ranar da aka share gidansu, ranar fara magani, ranar komawa Anka. Kullum da asuba, bayan an fito masallaci, yana zaune a zauren mai unguwa yana kiran suna, yara na rugawa gidaje da saƙo. Wanda bai zo ba sai ya aika a ji dalili. A shekarunsa na makaranta ba ya barin yaro ya ɓace daga rajista ba tare da ya san inda ya shiga ba, a nan ma bai bari ba. Mutanen gari, da a da suke ce masa mai ginin coci, suka koma ce masa Malam mai littafi.

Ɗiyar mai bishara ta rayu. Ta dawo gida tana tafiya, amma maganar da ta fara kafin ciwon ta tsaya, sai a hankali take dawowa, kuma likitoci ba su yi wa iyayen alkawarin za ta dawo duka ba. Dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwa ba ta cika sakin abin da ta kama ba. Hedimasta kan zauna da ita da yamma yana nuna mata abubuwa yana faɗin sunansu, akuya, ƙwarya, tulu, tana maimaita wanda ta iya.

Da ya koma Gusau ba da rahoto, majami'a ta cika, don labari ya riga shi isowa. Ma'aji ya miƙe ya ce jama'a na son sanin inda ɗakinsu yake.

"Babu ɗaki," in ji Hedimasta. "Na gina shi da guba, bayan an gargaɗe ni, na kuma rushe shi. Mai bishara zana ya roƙa, ni na ga ya yi kaɗan."

Ya buɗe takarda ya karanta lissafi: kuɗin jakuna da leburori da suka tafi a banza, bai rage ko kwabo ba, kuɗin buhuna, da siminti na rijiyoyi biyu, da man fijo. Wani dattijo daga baya ya ce to kwanon fa, ai shi bai lalace ba, a dawo da shi a sayar. Hedimasta ya ce kwanon na kan rumfar da mata ke jiran mota da yaransu a ƙofar mai unguwa, in ikilisiya ta ce a kwance zai je ya kwance. Aka yi ta magana, wasu na ganin an yi wasa da baikonsu, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Shugabar zumuntar mata ce ta tashi ta ce a bar kwano inda yake, ta tambaya me ake bukata yanzu.

Direba ya ɗaga hannu daga inda yake zaune. Ya ce tayoyin baya sun cinye, ga shi ranar Alhamis akwai yara bakwai da za a kai Anka gwajin jini. Ma'aji ya tambayi kuɗin taya biyu, ya rubuta, aka miƙa faranti.